Hajiya, antibirus uku ba su fi ɗaya tsaro ba, kuma a dakata da zargin yaron nan

Wata Hajiya daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta a cikin gida, daga Kano ake kawo mini kayan. A kwamfutar gida nake rubuta bashi da ajiye hotunan kaya, a nan kuma Facebook da WhatsApp ɗina suke a buɗe. Wata biyu ke nan ta yi nauyi, kullum sai wani jan rubutu ya fito yana cewa cuta ta kama ta, in latsa nan a wanke. Na kai ta wurin mai gyara, ya saka mata antibirus har uku, na biya jaka 5, ba ta canza zani ba. Makon jiya aka shiga Facebook ɗina aka aika wa masu sayen kayana cewa sabon leshi ya iso, a turo kuɗi a wata lamba. Wata baiwar Allah ta tura jaka 50. Ban da ni, ɗan abokiyar zamana ne kaɗai ke taɓa kwamfutar, yana karatu a jami'a. Zuciyata ta kasa barin zarginsa, amma ban faɗa wa Alhaji ba. Wane antibirus ne ya fi ƙarfi in saya? An kuma ce mini akwai manhajar da ke rubuta duk abin da mutum ya latsa, ko in sa ta in kama shi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Kin yi hankali da ba ki kai maganar gaban Alhaji ba tukuna, domin a gidan da ake zaman mata biyu, in kalmar sata ta fita daga baki ba ta komawa. Zan dawo kan yaron. Akwai abin da ya fi shi gaggawa, ya kuma fi sayen antibirus gaggawa.

Rufe kwamfutar nan yau, ki ɗauki wayarki. Manhajar leƙen asiri irin wadda ta fi yawa yanzu ba ta zama ta yi wata da watanni tana kallon ki. Da ta shiga, cikin ƴan mintuna take kwashe duk kalmomin sirrin da kika bari burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome, ta riƙe miki, ta aika wa mai ita, wani lokaci ma ta goge kanta ta tafi. Wanda aka kwafi makullin shagonsa, in ya share shagon tas bai yi maganin komai ba sai ya canza kwaɗo. To canza kwaɗon shi ne aikin farko, kuma a waya za ki yi shi, don in kin rubuta sabuwar kalmar sirri a kwamfutar da ba a wanke ba, kin miƙa wa ɓarawo sabon makulli da hannunki.

Ki fara da imel, saboda can Facebook ke aika saƙon canza kalmar sirri, duk wanda ya riƙe imel ya riƙe sauran. Daga nan sai Facebook. Canza kalmar kaɗai ba ta isa ba. Duk lokacin da kika shiga Facebook a kwamfuta, yakan bar wata ƴar shaida a cikin burauza, kamar tikiti, don kada ya riƙa tambayar ki kullum. Ɓarayin nan har tikitin suke ɗauka, kuma mai tikiti ba a tambayar sa kalmar sirri. Saboda haka ki shiga wurin tsaro a saitunan Facebook, inda ake jera na'urorin da aka shiga da su, ki fitar da su duka. Kafin ki fitar, ɗauki hoton jerin ki ajiye, zai yi amfani. In kin ga an rubuta Yamai kada gabanki ya faɗi, layukan wayarmu sau da yawa can suke nunawa ko da kina tsakar gidanki a Maraɗi. Abin dubawa shi ne na'urar da ba ki sani ba, ko ƙasar da ba ki taɓa takawa ba. Ki duba ko an ƙara wata lamba ko wani imel da ba naki ba a asusun, ki cire. Sai ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba daga wayarki kafin a shiga. A WhatsApp ma haka: ki buɗe wurin na'urorin da aka haɗa, ki cire duka, ki sa lambar sirri mai alƙaluma 6. In kin taɓa rubuta lambar sirrin wata manhajar kuɗi ko ta banki a kwamfutar, ita ma a canza ta. Duk wannan aikin bai kai awa ɗaya ba.

Jan rubutun nan da ke cewa a latsa a wanke, kusan na tabbata ba antibirus ba ne ke magana. Wani shafi ne aka taɓa shiga, ya nemi izinin aiko da sanarwa, aka latsa "na yarda" ba a karanta ba. Tun daga ranar yake turo hoton gargaɗi da tambarin sanannen kamfani a jiki. Kura ce da fatar akuya. In kin latsa, ko a sayar miki da manhajar banza, ko a ba ki ainihin cutar da ake tsorata ki da ita. Ki riƙe wannan: duk manhajar tsaron da ta zo da kanta tana ihu, ba ke kika je nemanta ba, ba ta alheri ba ce. Microsoft ba ya sa lambar waya a gargaɗinsa, ba ya ƙirga miki mintuna. Maganin wannan yana cikin saitunan Chrome, a wurin sanarwar shafuka: a goge duk sunan da ba a sani ba. Ana nan kuma a duba ƴan ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza, duk wadda ba ki san ranar da aka sa ta ba, a cire.

Yanzu ga tambayarki ta wane ne ya fi ƙarfi. Ba sai kin sayi komai ba, ragewa ma za ki yi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Antibirus mai gadi dare da rana yana tare kowane fayil ya duba kafin a buɗe shi. In sun zama uku, kowanne na tare fayil ɗin, kowanne kuma na kallon ɗan'uwansa a matsayin baƙo, sai kwamfuta ta riƙa tafiya kamar amalanke. Abin da ya fi damuna kuma shi ne daga ina suka fito. Antibirus na kuɗi da aka saka miki da jaka 5 har guda uku, da wuya a ce da lasisi suka zo. Galibi fasassu ne da ake yawo da su a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Fasasshen antibirus ba ya samun sabuntawa yadda ya kamata, kuma wanda ya fasa shi ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba na cewa mai gyaran ya cuce ki da gangan, yawancinsu abin da suka tarar ana yi suke yi. Amma a cire su duka ukun.

Da an cire su, mai gadin da ya zo da gidan zai farka. Windows 10 da Windows 11 suna zuwa da Microsoft Defender a ciki, kyauta, kuma yakan ja baya da kansa in an saka wani antibirus. Shekarun baya ana raina shi, kuma da dalili. Yanzu ba haka ba ne. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada antibirus: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. Suna wallafa sakamakonsu kyauta, kuma Defender ya daɗe yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Ga kwamfutar gida irin taki, ya isa.

In kwamfutarki da Faransanci take, nemi Sécurité Windows, mai alamar garkuwa, ki shiga Protection contre les virus et menaces. Ki bar shi ya sabunta kansa tukuna, don mai gadin da bai san fuskar ɓarayin bana ba, na bara kawai zai kama. Ki leƙa wurin da aka rubuta Exclusions a saitunansa. Nan ne ake rubuta wuraren da aka ce kada ya duba, kuma fasassun manhajoji sun saba rubuta kansu a nan. Duk abin da kika tarar, goge shi. Daga nan ki je Options d'analyse ki zaɓi wanda ke ɗauke da kalmar hors ligne. Wannan binciken shi na fi so, domin yakan kashe kwamfutar ya tayar da ita ba tare da Windows ya gama farkawa ba, sai ya tarar da cutar tana barci, ba ta sami damar ɓuya ba. Kamar minti 15 yake ɗauka. Ki tabbata batir a cike yake, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Bayan shi sai Analyse complète, wannan kam yana iya cin awa biyu ko fiye, ki sa shi da dare.

Likita ɗaya yana iya kuskure, shi ya sa ake neman ido na biyu. Amma ido na biyu baƙo ne, ya zo ya duba ya tafi, ba ya tarewa a gidan. Wanda nake ba mutane shi ne Malwarebytes na kyauta. Yakan zo da gwajin na kuɗi na ƴan kwanaki, in sun ƙare zai yi ta roƙon ki saya, ba dole ba ne, binciken da hannu yana nan kyauta. Kamfanin yana da wata ƴar ƙaramar manhaja, AdwCleaner, wadda asalinta a Faransa aka ƙirƙire ta, suka saye ta a 2016. Ba ta cin data sosai, ba a ma girka ta, ana saukewa a kunna, kuma ta ƙware wajen tsince tarkacen talla da abin da ke canza wa burauza shafin farko. In kina son na uku, akwai ESET Online Scanner, ko Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki bayan kwana 10 da saukewa don dole a ɗauko sabo. Abin da suka kama, a killace shi, kuma ki ɗauki hoton sunayen kafin ki rufe.

Na san za a ce miki ina Smadav, don kusan babu kwamfutar ɗalibi a garin nan da ba ta da koren tambarin nan. Manhaja ce daga Indonisiya, tana da amfaninta wajen cutar kile, irin wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Amma masu ita ma ba su ce ita ce babban mai gadi ba, ƙari suka kira ta. Ba ita za ta kama ɓarawon kalmar sirri ba.

Ko wacce za ki sauke, daga shafin kamfanin da kansa za a ɗauko ta. Ba daga kilen wani ba, ba daga saƙon WhatsApp ba, ba kuma daga sakamakon farko na Google ba in an rubuta talla a kansa, don ɓarayi na sayen wannan gurbin su sa shafi mai kama da na gaske. Kuma ki riƙa tambayar kanki, wannan na kyautar da me yake ci? Avast sananne ne, yana kama cuta da kyau, amma a 2020 aka gano yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 a 2024. CCleaner da masu gyara ke son sakawa, a 2017 ɓarayi sun shiga cikinsa tun daga gidan masu shi, fiye da mutum miliyan 2 suka sauke gurɓataccen. Antibirus yana ganin duk abin da ke cikin kwamfuta, har lissafin bashinki. Duk wanda kika ƙara, kin ƙara mai riƙe makullin ɗakinki.

Nauyin da ta yi kuma, kada a ɗora wa cuta shi duka. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, zafin bazara ya zo ya same ta a toshe, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A buɗe ta a busa.

Da talla kawai ke damun ki, da a nan zan tsaya. Amma an riga an yi sata da sunanki, kuma kwamfutar ta sha fasassun manhajoji. Babu binciken da zai iya rantse miki cewa ba a bar komai ba. Da ƴar'uwata ce ke, cewa zan yi a kwashe hotunan kaya da lissafin bashi a sabuwar kile, takardu da hotuna kawai, ban da ko wace manhaja, sannan a share kwamfutar gaba ɗaya a saka Windows sabo fil. Microsoft yana ba da shi a shafinsa, ana buƙatar kile mai giga 8 da data mai ɗan yawa. Ki zauna a wurin a yi a gabanki, ki ce ba ki son a fasa komai, ba ki son ƙarin "kyauta". In don rubutu da lissafi ne, LibreOffice kyauta ne na halal, ya ishe ki. Ki tambaya kuma wane Windows ne a kanta. Windows 7 an daina yi masa gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. In na'urar za ta ɗauki Windows 11, a saka shi. In Windows 7 kawai take iyawa, a bar ta wa lissafi, kasuwancin intanet ya koma waya.

To, yaron. Hajiya, duba da kyau: wanda ke zama gaban kwamfutar da Facebook ɗinki yake a buɗe, me zai yi da manhajar leƙen asiri? Kuma wanda ke cin tuwo a gidan, ya san kowa zai fara kallon sa, zai aika wa masu sayen kayanki saƙo da sunanki? Ba na rantsuwa a kan ɗan kowa, amma salon wannan satar na ƴan nesa ne, masu sayen asusun da aka sato da yawa su bi jerin abokai ɗaya bayan ɗaya. Sana'a ce babba. A watan Mayun 2025 Microsoft ya sanar cewa wata manhajar sata guda ɗaya mai suna Lumma ta kama kwamfuta fiye da 394,000 a duniya cikin wata biyu kacal, kuma fasassun wasanni da manhajoji na cikin manyan hanyoyin da irinta ke bi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne yaron ya sauke wasan ƙwallo ko wata manhajar karatu da ba shi da kuɗin saye, ɓarawo ya biyo ta ciki, shi ma bai sani ba. Yana yiwuwa kuma ta kilen mai gyara ya shigo, ko ke da kanki kin taɓa rubuta kalmar sirrinki a wani shafi mai kama da Facebook. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. In ta hanyar yaron ne, nasa asusun ma an kwashe, yana buƙatar a faɗa masa don ya canza.

Akwai abin da za ki iya dubawa ba tare da kin zargi kowa ba. Kafin a share kwamfutar, a buɗe jerin manhajojin da aka girka, a jera su bisa kwanan wata, a ga me ya shigo wata biyu da suka wuce. In an ga AnyDesk ko TeamViewer, waɗanda ake sarrafa kwamfuta da su daga nesa, a tambayi wa ya sa. Manhajoji ne na halal, shi ya sa antibirus ba lallai ya yi ƙorafi a kansu ba, amma ba su da aikin yi a kwamfutarki in ba ke kika nema ba.

Manhajar da ke rubuta abin da aka latsa, kada ki sa ta. Ita ce ainihin abin da muke ƙoƙarin fitarwa. Sai kin kashe mai gadin kafin ta zauna, kuma abin da ta rubuta, har kalmomin sirrinki, ba ki san wa take aika wa ba bayan ke. Sannan aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa abu biyun nan wuri ɗaya, yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ta hana. Ni na taɓa faɗawa wannan ramin. Shekarun baya na zargi yaron da ke taya ni aiki da taɓa mini asusu, na canza masa fuska har mako biyu, ashe wata manhaja ce da ni na sauke da hannuna. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai ƙara sakin jiki da ni ba har ya bar wurin. Har yau abin yana ci mini rai. Nawa yaron aiki ne, naki ɗan gida ne da za ku haɗu a kowane suna da kowace gaisuwar mutuwa.

Abin da zai raba gardama nan gaba mai sauƙi ne: bayan an saka sabon Windows, a buɗe masa nasa asusun daban a kwamfutar, na mai amfani kawai wanda ba ya iya girka komai sai da izini, ke kuma naki da kalmar sirrinki. Ki daina barin Facebook a buɗe.

Baiwar Allahn da ta tura jaka 50, ki taka ki je gidanta, kada ki tsaya a waya. Ku ɗauki hoton saƙon da lambar da aka tura kuɗin da takardar shaidar turawa, ku kai wa kamfanin da aka tura ta hannunsa da kuma ƴan sanda. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma lambar nan ita ce zaren da za a iya ja. Ba na yi miki alkawarin kuɗin za su dawo. Ko za ki ɗauke mata wani abu daga asarar, wannan tsakaninki da ita ne, amma ni da zan rage mata a kaya na gaba. Sauran masu sayen kayanki kuma ki yi musu saƙon murya yau, su ji muryarki, ki ce lambarki ɗaya ce, duk wanda aka ce ya tura kuɗi wani wuri ya kira ki tukuna.

Ranar da za a yi wannan aikin, ki kira yaron ki ce, "An shiga Facebook ɗina ta kwamfutar nan, zo ka taya ni mu duba, kai ma ka canza naka." Ki ba shi kujera kusa da ke, shi ya riƙa karanta miki Faransancin.